Babi na Bakwai: Tafinta Tsakanin Annabi da Takarda

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa, da la'asar sakaliya, mutanen ƙauye sun fara ɗaure kaya a kan amalanke. A wata fada da nakan zauna idan na je gida, an sauke shayi na fari an ɗora na biyu, sai wani saurayi da bai daɗe da dawowa daga Abijan ba ya miƙa salularsa ga wani dattijo da ke gefen tabarma. Dattijon tsohon ma'aikacin jinya ne, Kirista, ya fi shekara talatin a unguwar, yaro da babba Baba suke ce masa. A cikin salular wani mai wa'azi ne yake ɗaga littafi sama yana dukan tebur.

"Baba, don girman Allah tambaya ɗaya zan yi maka. Annabi Isa da wane harshe ya yi wa'azi?"

"Da Aramiyanci, ɗana."

"Littafin naku fa, da wane harshe aka rubuta shi?"

"Da Girkanci."

"To ai ka gama magana da bakinka! Ina na asalin?"

Dattijo ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi. "Albasar da ka kai Abijan, da wane harshe ka sayar da ita?"

"Da Julanci, da ɗan Faransanci."

"Da ka dawo ka ba tsohuwarka labarin cinikin, da Julanci ka ba ta?"

Fada ta kwashe da dariya, ban da saurayin. Ya ce, "Baba, cinikin albasa daban, maganar Allah daban." Ana haka aka kira magariba, taro ya watse. Na tashi da maganar a raina, domin kowannensu ya taɓa gaskiya, kowannensu kuma ya tsallake wurin da take da ƙaya.

Gardamar ta girmi Tawa ta yau. A 1854, a birnin Agra na Indiya, Shehu Rahmatullah Kairanawi ya zauna muƙabala da wani ɗan mishan Bajamushe, Karl Pfander, ya ɗauko littattafan masanan Turai ya ƙalubalance shi da su, daga baya ya rubuta Izharul Haƙƙi a 1864. Wannan littafi ne ya farkar da Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu, wanda muƙabalarsa da Jimmy Swaggart a Amurka a 1986 ta zaga ƙasar Hausa a kaset kafin ta koma cikin salula. Mu nan Adar mun fi samun tambayoyin da kaifinsu, amsoshin kuwa ba su cika isowa ba, saboda masu bayar da su 'yan kaɗan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, kuma in ka ɗauke asibitin mishan na Galmi da aka buɗe a 1950 can kudancin jihar Tawa, da 'yan majami'un cikin gari, Ba'adare na iya tsufa bai taɓa riƙe Littafi Mai Tsarki a hannunsa ba.

Amsoshin Baba guda biyu duka daidai ne. Kafin a fahimci yadda suka zama daidai tare, sai a tsaya a tashar Tawa a saurara. Ba'abzine daga Abalak da Bafulatani daga daji da Balarabe daga Tasara, kowa da harshen gidansu, amma da Hausa suke cinikin raƙumi. In takardar gwamnati ce, Faransanci. In salla ce, Larabci. Falasɗinu ta ƙarni na farko haka take. Aramiyanci, ɗan'uwan Larabci na jini, shi ne harshen gida da na ƙauye a Galili. Ibrananci na karatu ne da ibada. Latinanci na sojan Rum ne da barikinsu. Girkanci kuwa, wanda masu karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa suka fi sani da Helenanci, shi ne Hausar wancan zamani: tun bayan yaƙe-yaƙen Iskandari, wanda ya mutu shekara 323 kafin miladiyya, da shi ake ciniki da wasiƙa daga Masar har Rum. Yahudawan Iskandariya ma sun juya Attaura zuwa Girkanci tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, saboda 'ya'yansu sun daina jin Ibrananci.

Wanda yake son saƙonsa ya wuce ƙauyensu, da wannan harshe zai rubuta. Bulus, wanda wasiƙunsa ke cikin Sabon Alkawari, ya aika wasiƙu Koranti da Filibi da Tasalonika, garuruwan Girka, wajen shekara ta 50 zuwa 60. Wasiƙarsa zuwa Rum kanta, cibiyar Latinanci, da Girkanci ya rubuta ta. Bisharu huɗu ma, wato Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, masana sun daɗe da gane cewa da Girkanci aka tsara su tun farko, kuma hujjarsu a cikin rubutun take. Matiyu da Luka suna bin Markus kalma da kalma a wurare da dama, har da jerin kalmomin, abin da tafintoci biyu masu aiki kowa a ɗakinsa ba sa dacewa a kai. In marubutan za su kawo aya daga littattafan annabawan dā, sau da yawa tsohuwar fassarar Iskandariya suke ɗaukowa. A babi na 3 na Yohanna akwai zance tsakanin Yesu da Nikodimu wanda ya rataya kacokan a kan kalmar Girkanci ɗaya mai ma'ana biyu, "sake" da "daga sama".

Duk da haka Aramiyancin bai mutu a ƙarƙashin Girkancin ba, yana leƙowa kamar yadda Adaranci ke leƙowa a bakin Ba'adaren da ya shekara ashirin a Kano, ya ce "hwari" yana nufin "fari". Markus ya bar kalmomin da aka faɗa wa 'yar Yayirus da aka tayar, da kukan Yesu na ƙarshe da ya ruwaito a babi na 15, a harshensu na asali, sannan ya fassara wa mai karatu. Sunan da Yesu ya laƙaba wa almajirinsa Bitrus a harshensu Kefas ne, wato dutse. Kalmar da Yesu ya kira Allah da ita cikin addu'a, Abba, kowane Bahaushe ya san ta, don akwai Abba a kusan kowace unguwa.

Akwai abin da ya fi ba ni mamaki da na fara bin wannan sawu. Kalmar Linjila da saurayin nan yake neman ta asali da ita, Girkanci ce. Asalinta euangelion, ma'anarta labari mai daɗi, ta bi ta bakin Kiristocin Sham ko na Habasha ta shiga Larabci ta zama Injil, mu kuma muka manne mata lam ɗin Larabci muka ce Linjila. Zamakhshari a tafsirinsa bai ɓoye ba, ya ce sunan baƙo ne a Larabci. Kalmar da Kiristocin Hausa suka fi so, bishara, ita ce ta fito daga Larabci. Kowa ya ari rigar ɗan'uwansa ya sa, ana kuma faɗa a kan wa ya fi kama da mai rigar.

To ina ƙayar da Baba ya tsallake? Saurayin ya faɗe ta: cinikin albasa daban. Musulmi idan ya ce Linjila, littafi yake nufi wanda aka saukar wa Annabi Isa, lafazinsa na Allah, kamar yadda ya san Alƙur'ani. Ya kuma karanta a Suratu Ibrahim, aya ta 4, cewa da harshen mutanensa ake aiko kowane manzo. Ya girma yana zama tafsirin azumi, mai jan baƙi na jan aya da Larabci, malam na warwara da Hausa, ba a taɓa rikita masa wanne ne Alƙur'ani wanne ne bayani ba. Tarjamar Shehu Abubakar Gumi tana gidaje da yawa, amma ba wanda ya taɓa tayar da salla da ita. Mai wannan tarbiyya in ka ce masa littafinka Girkanci ne alhali annabin Aramiyanci ya yi, abin da ya ji shi ne kana riƙe da bayanin malam, mai jan baƙi ya ɓace.

Kirista kuma wani abu daban yake nufi. A wurinsa Kalmar Allah mutum ne, Yesu da kansa, littattafan huɗu kuwa shaidar waɗanda suka gani ko suka ji daga waɗanda suka gani. Ko kusa bai taɓa cewa an sauko wa Yesu da littafi ba. Luka ya faɗa a buɗewar nasa cewa bincike ya yi, ya tattara daga shaidu. Idan haka ne, abin da ya dace a jera Bisharu da shi a wajenmu sira ce da hadisi. Malaman hadisi kuwa mafi yawansu sun halatta ruwaya da ma'ana ga wanda ya san harshe, shi ya sa hadisi ɗaya kan zo da lafazi uku ko huɗu. Da zarar an ɗauki wannan ma'auni, tambayar harshe ta ragu, wata wadda ta fi ta nauyi ta taso: wane ne tafintan, wa ya gaya masa, kuma a yarda da shi?

Mu da kakanninmu suka ga zamanin Nasara ba ma buƙatar a koya mana tsoron tafinta. Tsofaffi sun ba mu labarin yadda talaka kan faɗi magana a gaban kwamanda, tafinta ya juya ta yadda ya ga dama, a ɗaure mai gaskiya. Saboda haka tambayar halal ce, kuma Kiristocin farko sun yi ta da kansu. Wani bishop mai suna Papiyas, a garin Hirapolis na ƙasar Turkiyya ta yau, a farkon ƙarni na biyu, ya ce ya fi son jin magana daga bakin dattawan da suka san almajirai a kan karanta ta a littafi. Shi ne ya ce Markus tafintan Bitrus ne, ya rubuta abin da ya tuna ba bisa jeri ba. Shi ne kuma ya ce Matiyu ya tattara zantukan da harshen Ibraniyawa, kowa ya fassara gwargwadon iyawarsa. Masu neman Linjilar asali suna son wannan magana ƙwarai, kuma suna da dalili. Sai dai littafin Papiyas kansa ya ɓata, ta hannun Yusibiyus na ƙarni na huɗu muka sami guntayensa, kuma Matiyun da ke hannun mutane yau ba ya kama da fassara. In ma akwai tarin zantuka da Aramiyanci a dā, ko ɓallin takarda ɗaya ba a tono ba. A Bukhari ma labarin Waraƙa ɗan Naufal ya zo da fuska biyu: wata ruwaya ta ce da Ibrananci yake rubuta Linjila, wata ta ce da Larabci.

A kan silsila kowane ɓangare yana da abin da zai yi taƙama da shi, da abin da zai sunkuyar da kai. Iraniyus na Liyon, wajen shekara ta 180, ya ce yana yaro ya saurari Polikab, shi kuma Polikab ya zauna da Yohanna. Wannan isnadi ne sak. Amma Bisharu huɗu ba su ambaci sunayen marubutansu a cikin matani ba, ba su kuma jera wane daga wane ba. Malamin hadisi zai ɗaga gira. Ta fuskar kusanci kuwa su ke gaba. Markus an rubuta shi wajen shekara ta 70, kimanin shekara arba'in bayan abubuwan da yake bayarwa, Yohanna kuma kusan ƙarshen ƙarnin. Ibn Ishaƙ mai sira ya rasu wajen 767, fiye da shekara 130 bayan wafatin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, Bukhari kuma a 870. Namu sun fi bayyana sunayen maruwaita, nasu sun fi kusa da lokacin. Wanda ya ɗauki ɗaya ya ɓoye ɗaya, ciniki yake da mudu biyu.

Sai Bulus, wanda a fadojinmu shi ne babban wanda ake tuhuma. Rabin faɗan kalma ce ta haddasa shi. Kiristan Hausa yana cewa Manzo Bulus, yana nufin wanda aka aika, fassarar kalmar Girkanci apostolos. Kunnen Musulmi kuwa in ya ji Manzo, Rasulu ya ji, sai jininsa ya hau. Da an ce Hawariyawa ga almajiran Yesu sha biyu, da wata ƙurar ba ta tashi ba, ko da yake Bulus ba ya cikinsu, bai kuma bi Yesu a Galili ba. Wasiƙarsa ga Galatiyawa, wadda masu suka da masu kariya duka suka yarda tasa ce, ta faɗi abin da mai son rufa asiri ba zai faɗa ba: ya yi kwana goma sha biyar wurin Bitrus a Urushalima, ya ga Yakubu ɗan'uwan Yesu, daga baya kuma ya tsaya ya ƙalubalanci Bitrus ido da ido a Antakiya kan cin abinci tare da waɗanda ba Yahudawa ba. Saɓani ya faru, ba ƙarya. An kuma sami wata ƙungiya ta Yahudawa mabiya Yesu, Ebiyonawa, da suka riƙe Attaura suka ƙi Bulus ƙiri-ƙiri, Iraniyus ya ambace su. Amma a rubuce-rubucen ƙarni na farko da suka tsira, faɗan a kan kaciya ne da abinci da shari'ar Musa. Labarin mutuwar Yesu da tashinsa kuwa, Bulus ya ce karɓarsa ya yi daga waɗanda suka riga shi. Tarihi na iya nuna cewa da wuri ƙwarai aka fara wannan koyarwa. Ko gaskiya ce, wannan hukuncin imani ne, Alƙur'ani ya yanke nasa a Suratun Nisa'i, Kirista ya yanke nasa.

Takardun kansu fa? Akwai kwafin hannu na Sabon Alkawari da Girkanci sama da 5,000, cikakku da guntaye. Wanda ake yawan kira mafi tsufa ɗan ɓalli ne da bai kai tafin hannu ba, daga babi na 18 na Yohanna, yana ɗakin karatu na John Rylands a Manchesta, akasari ana sa shi a ƙarni na biyu. Cikakken Sabon Alkawari mafi tsufa na ƙarni na huɗu ne, wanda wani masani, Tischendorf, ya gano a gidan ibadar Santa Katarina a Sina'i, Ingila ta saye shi daga Tarayyar Sobiyat a 1933 kan fam 100,000. Wannan yawa ne ya tona bambance-bambance. Ayoyi 12 na ƙarshen Markus babu su a wannan kwafi, babu su a takwaransa na Batikan. Labarin matar da aka kama da zina a Yohanna 8 babu shi a mafi tsufan kwafi. Jimlar nan ta 1 Yohanna 5:7 da ake kafa hujjar Triniti da ita, wani masani, Erasmus, bai sa ta a bugunsa na Sabon Alkawari na 1516 ba don bai gan ta a Girkanci ba, sai a na 1522 bayan an matsa masa. Deedat bai ƙirƙiri waɗannan ba. Masana Kirista ne suka tono su, suna kuma rubuce a ƙasan shafin fassarorin zamani da yawa. Faston da ya ce ko wasali ba a taɓa ba, littafin da ke hannunsa ne zai ƙaryata shi. Sauran bambance-bambancen galibinsu na rubutu ne da tuntuɓen alƙalami, kuma da yake kwafin sun bazu daga Masar zuwa Sham zuwa Rum tun kafin Kiristoci su sami sarki, ba wani mai iko ɗaya da ya isa ya tattara su duka ya sauya. Malamanmu na dā ma ba bakinsu ɗaya ba: Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1064, ya ce matanin aka gurɓata, Fakhruddin Razi ya fi karkata ga cewa ma'ana aka karkatar.

Abu biyu da ake yawan ɗagawa a salula a ce ga ta asalin, duka ba su tsaya ba. Peshitta ta Suryaniyanci, reshen Aramiyanci, tsohuwa ce mai daraja, amma daga Girkanci aka fassara ta, ta kuma daidaita wajen ƙarni na biyar, da karin Edessa, wanda ya bambanta da na Galili. Linjilar Barnaba kuwa, mafi tsufan kwafinta da Italiyanci yake, na ƙarshen ƙarni na 16, yana Biyana. An buga ta da Ingilishi a 1907, Rashid Rida ya fitar da ita da Larabci a 1908. Ga Musulmi ma tarko ce, don ta sa Isa yana musun cewa shi ne Almasihu, Alƙur'ani kuwa da wannan laƙabi yake kiransa.

Hausa ita ma da tafinta ta karɓi littafin, kuma ɗan ƙasarmu ne. Dorugu yaro ne daga yankin Kance a Damagaram, aka kama shi bawa, aka 'yanta shi, ya bi wani Bature matafiyi, Barth, har Landan a 1855. Daga bakinsa wani ɗan mishan, James Schön, wanda bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, ya gyara Hausarsa ya fitar da Matiyu a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki sai a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ja gaba, aka sake sabuwar fassara a 1979. Ta farko ta ce Kristi, ta biyu ta ce Almasihu. Duka biyu sun riƙe Allah, duka biyu sun zaɓi Yesu sun bar Isa. Kowane zaɓi cikin waɗannan hukuncin tafinta ne, kuma har yau ana jin nauyinsa a bakin tabarma.

Kalma ɗaya ta Aramiyanci ma ta riga su duka isowa Adar, a bayan raƙumi. Abzinawan Azawak suna kiran babbar salla Tafaske. Masana harshe da yawa suna mayar da ita ga pascha ta Latinancin Kiristocin Afirka ta Arewa, ƙasar su Agustin na Hippo, su kuma daga Girkanci suka karɓa, Girkanci daga Aramiyanci, sunan Idin Ƙetarewa na Yahudawa. Makiyayin da ke yanka ragonsa a Cintabaraden yana furta kalmar da Annabi Isa ya sani a harshen uwarsa.

Wannan magana ba ta wasa ba ce a ƙasar da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, mutum goma suka rasa rayukansu. Abin da ya dame ni a fadar nan shi ne, daga saurayin har Baba har ni, babu mai iya karanta layi ɗaya na Girkanci. Muna tuhumar Markus da zama tafinta, mu kuwa tafintan tafintan wani mai wa'azi a salula muke saurare. Ga jami'a a Tawa mai sunan Jibo Hamani, ga ta Musulunci a Sayi, ga almajiran da suka haddace Alfiyya tun ba su yi gemu ba. Wanda ya ƙware a nahawun Larabci ya ci rabin hanyar Suryaniyanci. Ina roƙon malamanmu da fastocinmu su tura ko da yara biyar su koyi harsunan nan biyu. Kwafin Sina'i ɗin nan yana kan intanet tun 2009, shafi bayan shafi, kyauta.